Amurka na son rage itatuwa don tsoron gobara, mu a Sakkwato wace doka muke buƙata?

Ɗan Dundaye:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Akwai ƙudurin da 'yan majalisar Amurka ke ja-in-ja a kai, suna kiransa Fix Our Forests Act. Mutum biyu suka kawo shi, Bruce Westerman na jihar Arkansas, ɗan Rifablikan wanda shi kansa ilimin gandun daji ya karanta, da Scott Peters na Kalifoniya, ɗan Dimokurat. Majalisar wakilai ta amince da shi a Janairun 2025 da ƙuri'a 279, masu adawa 141, lokacin wutar Los Angeles ba ta gama mutuwa ba. A watan Afrilu sanatoci huɗu, biyu daga kowace jam'iyya, suka gabatar da nasu a majalisar dattawa. Abin da yake nema shi ne a ware yankunan da suka fi haɗarin gobara, a ba hukumar daji dama ta rage itatuwan da suka yi cunkoso, ta sa wuta da gangan a lokacin da ya dace, ta shigar da dabbobi su cinye ciyawa, duk ba tare da dogon binciken illa ga muhalli ba, har fili mai eka 10,000 a aiki guda. Yana kuma neman a rage wa masu kai ƙara kotu wa'adi. Tunda hunturu ya kama, an fara ganin hayaƙi da yamma a bayan gari, ina tambaya: da majalisar dokokin jiharmu za ta yi irin wannan doka, me za mu ɗauka, me za mu bari?

Direban Illela:
Wa alaikumus salam. Su suna kukan icce ya yi musu yawa, mu muna neman na tuwon dare. Su loda shi jirgi su aiko muna ta Kwatano, ni zan ɗauko.

Uwar 'Yan Biyu:
Direba ka riga ni. A sa min buhu biyu in an mai da shi gawayi.

Tsohon Malamin Daji:
Wa alaikumus salam. Ku yi dariya, amma akwai abin lura a yadda anka yi icce ya yi musu yawa. Ba ni'ima ba ce, kuskuren shekara ɗari ne. A watan Agustan 1910 wata gobara ta cinye musu kimanin eka miliyan 3 a Idaho da Montana cikin kwana biyu, mutum fiye da 80 sunka mutu, akasarinsu masu kashe wutar. Hukumar dajinsu shekararta biyar kacal da kafuwa. Daga nan sunka ɗaura aure da ra'ayin cewa kowace wuta abokiyar gaba ce. A 1935 har ƙa'ida sunka kafa: duk wutar da anka ba da rahotonta, a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. To dajin nan nasu dama ya saba da ƙananan wutace da tsawa ke tayarwa, da waɗanda mutanen asalin ƙasar ke sawa, suna share ganye da ƙirare su bar manyan itatuwa a tsaye. Da anka hana wuta, ƙananan itatuwa sunka cika wuri, busasshen ganye ya taru shekara kan shekara. Yanzu in ta tashi ba ƙasa take bi ba, sama take hawa ta ci kan itatuwa, ba mai iya tare ta. Ga fari da zafi sun ƙaru, ga mutane sun gina gidaje har cikin daji. Hukumar nan eka miliyan 193 ke hannunta. Ita ce matsalar da wanga ƙuduri ke son magancewa, kuma ba ita ce tamu ba.

Lauyan Mabera:
Baba, na yarda da tarihin, amma ƙudurin ba kan icce kaɗai ya tsaya ba, rabinsa kan kotu ne. Tun 1970 suna da dokar da ta tilasta wa gwamnati ta binciki illar kowane babban aiki kafin ta fara, ta saurari jama'a. Masu goyon baya suna cewa binciken kan ci shekaru, wani lokaci wuta ta riga takarda isa dajin. Gaskiya ne. Amma ku duba maganin: mutum na da shekara shida ya ƙalubalanci irin wannan aiki, ƙudurin majalisar wakilai na son mai da shi kwana 120. Iyakar filin da ake yafe wa cikakken bincike, wadda ke eka 3,000, yana son ta koma 10,000. Shi ya sa ƙungiyoyin muhalli da dama suke cewa ƙofa ce aka buɗe wa kamfanonin katako, domin iccen da ke da kuɗi shi ne babba, kuma babban shi ne wanda wuta ba ta cika kashewa ba. Yanzu ku kawo wannan sashe Sakkwato. A rubuta a doka cewa jami'i na iya ba da izinin "rage cunkoso" ba tare da bincike ba. Wallahi wata shida ba za a yi ba, duk kiryar da ta rage ta koma buhun gawayi.

Ɗan Dundaye:
Barista, amma ai ba duk masu kare muhalli suka ƙi shi ba. Kuma Padilla na Kalifoniya, wanda jiharsa ta fi kowa shan wuta, yana cikin sanatocin da suka sa hannu.

Lauyan Mabera:
Ya sa hannu, ƙanena. Sai dai ka tambayi kanka, wutar Palisades da ta Eaton, na Los Angeles ɗin nan, da suka ci gine-gine fiye da 16,000, dajin katako suka ci? Ƙananan bishiyoyi ne da ciyayin kan tudu, iska mai ƙarfi ta kwaso garwashi ta zuba kan rufin gidaje. Ko an sare rabin dajin gwamnati wannan wuta sai ta shiga gari. An dai samu lokacin da zukata suka yi zafi aka tura ƙudurin.

Malamar Isa:
Ku yi min afuwa, zan katse ku. Wane daji kuke magana? Gundumi? Wa zai shiga Gundumi ya auna cunkoson itace? Mu da muke bin hanyar nan da addu'a a baki. Dajin Tangaza da na Gudu ma kun san 'yan bindigar da suka zauna ciki. Malamin daji bai isa ya je ba, mai saran itace bai isa ba sai ya biya, makiyayi bai isa ba. Duk dokar da za a rubuta kan takarda za ta ƙare.

Tsohon Malamin Daji:
Malama, Allah shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i. Maganarki dutse ce. Amma ki lura, ba duk gandun daji ne ke hannunsu ba, kuma gobarar da ta fi cutar talaka ba can tsakiyar daji take ba. A bakin gona take, inda anka tara kara da harawa, inda gero ke ɗaure ba a kai shi rumbu ba. Wannan ko yau anka so ana iya yi mata doka.

Malamar Isa:
To Baba. Na ji a watan Mayun 2025 shugaban ƙasa ya amince a ɗauki masu gadin daji masu makami, aka ce dazuzzuka 1,129 ne a ƙasar. Su aikinsu bindiga ne ko itace?

Lauyan Mabera:
Tsaro ne, Malama. Kuma a nan wani rikicin yake. Gandun daji a Najeriya na jihohi ne, tarayya wuraren shaƙatawa na ƙasa take riƙe da su, irin Kamuku da ke Birnin Gwari. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Saboda haka dokar da za ta taɓa gandun dajin Sakkwato a majalisar jiha za a yi ta, ba Abuja ba. Kuma kada wani ya ce ba mu da doka kan ƙunar daji. NESREA, hukumar tarayya mai tsare dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin 2011 da suka hana sa wa daji wuta ba da izini ba. Wanda ya taɓa ganin takardar izinin nan da idonsa ya ɗaga hannu.

Direban Illela:
Hannuna na kan sitiyari.

Ɗan Arɗo:
Ni sashen kiwo ne ya ja hankalina. Turawa da kansu sun rubuta a ƙuduri cewa saniya da tunkiya maganin gobara ne, don abin da dabba ta ci wuta ba ta samu. Mu kuma nan duk wutar da ta tashi sai a ce Bafulatani ne. Ina roƙon ku yi tunani kaɗan. A kudu, wajen Neja da Kwara, inda gamba ke da saiwa mai rai, in an ƙona takan yi sabon toho, can makiyayi na iya sa wuta. A ƙasarmu ciyawar shekara ce, ƙarangiya da ƙyasuwa da ire-irensu. Ruwa na ɗaukewa ta mutu, busasshiyar nan ita ce abincin dabba har watan Yuni. In ta ƙone ba abin da ke fitowa sai toka. Wane mahaukaci ne zai ƙona abincin shanunsa a Disamba ya zauna sayen dusa wata shida?

Jikan Sarkin Baka:
Na san inda ka dosa, Ɗan Arɗo. Faɗi kawai, mahalba.

Ɗan Arɗo:
Kai ka faɗa da bakinka, abokin wasa.

Jikan Sarkin Baka:
Mahalbin gaske ba shi sa wuta, don in daji ya ƙone bana, baɗi ba nama. Yara ne masu bin gafiya da zomo, su cusa wuta a rami su tafi su bar ta tana ci. Sai masu ɗiban zuma da dare da tsumagiyar wuta, sai mai sigari a bayan mota, sai manomin da ke ƙona sassabe iska ta kwace masa. A da in za a fita farauta sai Sarkin Baka ya sani, shi kuma ya sanar da hakimi, an san ranar, an san dajin, in wuta ta tashi an san wanda za a kama. Yanzu kowa da babur da karnuka. In za ku yi doka ku mayar wa masu sarautar nan da haƙoransu.

Ɗan Dundaye:
Baba Malam, ina son in dawo kan ƙuna da gangan, don a aji an koya mana gwajin Olokemeji da aka fara a 1929 a ƙasar Yarbawa. An raba fili uku: ɗaya ana ƙona shi farkon rani, ɗaya ƙarshen rani, ɗaya ba a ƙona shi sam. Na ƙarshen rani itatuwansa suka ƙare sai ciyawa, na farkon rani ya riƙe itatuwansa, wanda aka tsare ya koma kurmi. A arewacin Ostareliya ma tun 2006 mutanen asalin Arnhem Land suke ƙona daji da wuri, har ana biyansu saboda hayaƙin da suka rage. Me zai hana dokarmu ta halatta ƙunar farkon rani, Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe ƙarau?

Tsohon Malamin Daji:
Ɗana, karatunka daidai ne, wurin ne ba daidai ba. Olokemeji ruwan da take samu ya kusa ninka namu biyu, ciyawarta ta fi tsawon mutum. A irin wannan ƙasa wuta dole ce, zaɓinka kawai yaushe. Mu ciyawarmu iyakarta gwiwa, kuma kamar yadda Ɗan Arɗo ya faɗi, dukiya ce, buhu-buhu ake kai ta kasuwar dabbobi a sayar. Ƙasarmu rairayi ce. Ka ƙona ta a Nuwamba ka bar ta tsirara, iskar hunturu ta kwashe tokar da ƙasar sama gaba ɗaya, ga 'ya'yan ciyawar da za su tsiro baɗi sun ƙone, ga tohon sabara da kalgo da geza sun tafi. Kuma wutar ganganci ba ta da amana ko a hannun masu jirgin sama. A 2022 hukumar dajin Amurka da kanta ta sa irin wagga wuta a New Mexico, iska ta juya, ta haɗe da wata, sunka ci eka fiye da 340,000 da ɗaruruwan gidaje. Ita ce mafi girma a tarihin jihar. Su sun biya diyya. Nan wa zai biya?

Abin da munka sani yana aiki shi ne layin wuta. Da damina ta ɗauke, kafin kaka ta ƙare, a share hanya mai faɗi kewaye da gandun daji da makiyaya, a yanka ta gida-gida, a kwashe ciyawar tas. Wuta in ta zo bakin layi ba ta samun abin ci, masu kashe ta kuma suna da wurin tsayawa da ganyen dogon yaro a hannu. Lokacin da muna aiki da fartanya da manjagara ake yi, ba injin komai. Abin da ya kashe shi, kuɗin leburori ne sunka daina fitowa a kan kari. In an saki kuɗin a Fabrairu, me za ka share? Wuta ta riga ta share maka.

Direban Illela:
Baba wannan ina ganinsa da idona in na ƙetara Ƙonni na yi arewa wajen Tawa da Abalak. Duk shekara bayan damina ana ɗaukar mutanen ƙauye su share layukan nan a makiyaya, a biya su, ciyawar da suka kwashe kuma su adana ko su sayar. Mutum ya samu na cefane a lokacin da da ya tafi ci-rani.

Uwar 'Yan Biyu:
Ni fa duk maganar nan ban ji an ambaci murhu ba. Kuna ta wuta a daji, wutar da ke cin dajin Sakkwato a madafarmu take. Tun da gas ya yi tsada maƙwabtana da suka daina girki da itace duk sun dawo, masu tuwon sayarwa da masu burodi dama ba su taɓa bari ba. Ku tsaya bakin hanya da asuba ku ƙirga motocin itace da gawayi masu shigowa gari. In doka ta ce a kama mai gawayi, farashi ne zai tashi, mu ne za mu biya, shi kuma ya ƙara abin da yake miƙawa a shinge.

Lauyan Mabera:
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Doka mai hani kaɗai, kasuwa take buɗe wa mai karɓar na goro.

Tsohon Malamin Daji:
Shi ya sa nake son ku dubi Maraɗi fiye da Washington. A Nijar da can kowane icce na gwamnati ne, ko a gonarka yake. Manomi in ya ga toho sai ya tumɓuke tun yana ƙarami, kada ya girma malamin daji ya zo ya ci shi tara. Wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Sai anka fara abin da suke kira sassabin zamani: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Abin bai bazu ba sai da manomi ya tabbata iccen da ya rena nasa ne, ya sassaƙa reshe ya yi girki, ya sayar, ba mai kama shi. Daga baya dokar dajinsu ta 2004 ta zo. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, akasari gawo da ire-irensa, ba tare da an dasa ba. Mu kuma mun yi shekaru muna bikin dashen itace, a ɗauki hoto, awaki su cinye kafin sati. Kuma mai gawo arba'in a gonarsa ba sai ka roƙe shi ya fito kashe wuta ba.

Ɗan Dundaye:
Amma Baba ai ana ƙoƙari. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, hukumarta tun 2015 take da doka, ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja.

Tsohon Malamin Daji:
Ban ce ba a ƙoƙari ba. Shiri yana da ranar ƙarewa. Ina magana kan abin da za a rubuta a doka ya zauna ko bayan kuɗin Bankin Duniya sun ƙare: iccen gona na mai gona ne, ƙauyen da ke bakin gandun daji yana da haƙƙin busasshen icce da ciyawa da 'ya'yan itace, a madadin ya share layin wuta kowace shekara, kuɗin share layi su fita kafin Oktoba.

Ɗan Arɗo:
Baba a ƙara da burtali. Dokar makiyaya ta Arewa tun 1965 take, amma ku je ku ga yadda gonaki suka cinye hanyoyin. In ƙauye ya samu haƙƙin ciyawar gandun daji, mu da ba mu da gida a ƙauyen fa? Gobe za a ce ciyawar tasu ce, a sa mana kuɗi, ko a kore mu. Wanda aka kora daga ciyawa shi ne wanda ba zai damu ba in ta ƙone.

Jikan Sarkin Baka:
Ka ga ka fara barazana.

Ɗan Arɗo:
Ba barazana ba ce, halin ɗan Adam nake faɗa maka. Ko kai aka hana ka daji, ka ga hayaƙi, za ka ɗauko ganye ka ruga?

Lauyan Mabera:
Maganarsa tana kan hanya, kuma a rubuce ana iya warware ta. Kwamitin kowane gandun daji ya ƙunshi uban ƙasa, Sarkin Noma, Arɗo, Sarkin Baka da wakiliyar mata masu itace, a ambace su da sarautarsu cikin dokar, ba "masu ruwa da tsaki" ba, don wannan kalma kowa ana iya cusa shi ciki. Sannan abu ɗaya da zan aro daga masu adawa da ƙudurin Amurka: kada a taɓa haƙƙin kai ƙara. Ma a ƙara shi. Duk gandun dajin da za a yanka a raba gonaki ko filaye, sai an buga sanarwa, an saurari mutanen wurin, majalisa ta amince. Dazuzzukanmu da yawa ba wuta ta cinye su ba, biro ne.

Malamar Isa:
Wakiliyar mata kuma kada a ɗauko matar shugaban ƙaramar hukuma.

Uwar 'Yan Biyu:
Malama kin gama magana.

Direban Illela:
To tarar wanda ya sa wuta fa, aljihun wa za ta shiga? In ta tafi asusun jiha ba mai kawo rahoton ɗan maƙwabcinsa. In ta tsaya hannun kwamiti kuma za a fara ƙirƙiro masu laifi, baƙo ne zai sha.

Lauyan Mabera:
Kwamiti ya kawo ƙara, alƙali ya yanke, kuɗin a raba: kaso ga wanda amfaninsa ya ƙone, kaso ga aikin layin wuta na baɗi. Kwamiti kada ya taɓa kuɗi da hannunsa.

Ɗan Arɗo:
In ciyawar makiyaya ce ta ƙone, wa za a ba kason? Ba ta da mai ita a takarda.

Lauyan Mabera:
Wannan sai na duba yadda dokar gandun daji ta jiha da ta makiyaya suka fassara mai haƙƙi. Baba Malam, ko kana da kwafin ta gandun daji cikin tsofaffin takardunka? Ɗan Dundaye ya biyo ya ɗauki hotonta shafi-shafi ya turo nan.

Tsohon Malamin Daji:
Tana nan cikin adaka, in gara ba ta riga mu ba. Ya zo bayan La'asar, kuma ya taho da caja, wayata ba ta riƙe wuta.